Ciwon Niƙrisi da Tarihin Shawara Tsakanin Likita da Majinyaci

Niƙrisi, kamar yadda Larabawa suke kiransa, ciwon gaɓɓai ne da yakan afka wa babban ɗan yatsan ƙafa cikin dare, ya kumbura shi, ya hana mai shi barci da tafiya. Bayan 'yan kwanaki sai ya lafa, daga baya ya sake dawowa. An daɗe ana yi masa laƙabi da cutar sarakuna, domin alaƙarsa da yawan cin nama da shan giya. Tun da yake abin da majinyaci ke ci da sha a gidansa yana da tasiri a kan ciwon, likitoci sun gane tun da wuri cewa umarninsu kaɗai ba ya wadatarwa.

Abubakar Ar-Razi, likitan birnin Rayyu wanda ya rasu a wajajen shekarar 925 Miladiyya, ya keɓe wa niƙrisi maƙala guda. A cikin jerin littattafansa da Ibnun Nadim ya kawo a Al-Fihrist, akwai wani a kan yadda likita zai bi da majinyaci cikin lalama har ya bar shi ya sami wani ɓangare na abin da ransa ke sha'awa. Wannan suna kaɗai ya nuna Ar-Razi ya fahimci cewa wanda aka hana komai yakan karya doka a ɓoye. Duk da haka, a wancan zamani biyayya ce aka fi nema daga majinyaci, kamar yadda ake gani a littafin Adabuɗ Ɗabib na Ishaƙ bin Aliyu Ar-Ruhawi.

Maganin kansa ya tilasta yin awo. Ibnu Sina ya yabi tsiron suranjan a cikin Al-Ƙanun saboda amfaninsa ga gaɓɓai, ya kuma yi gargaɗin cewa yana cutar da ciki. Wanda zai ɗanɗani wannan lahani shi ne ya fi cancanta a tambaye shi ko zai iya jurewa.

Malaman fiƙihu sun ba wannan fahimta tushe na shari'a ta hanyar sharaɗin izini. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa an ɗura wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magani ta gefen baki a rashin lafiyarsa ta ƙarshe alhali yana yin ishara da a bari, kuma da ya farfaɗo ya nuna rashin yardarsa. Ibnul Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya sanya izini cikin abubuwan da ake dubawa wajen ɗora wa likita lamuni. A 1992 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda, ta tabbatar da cewa izinin majinyaci mai cikakken hankali sharaɗi ne na yi masa magani.

Ilimin zamani ya ƙara wa batun nauyi. A 1820 aka ciro sinadarin kolcisin daga dangin suranjan a Faransa, a 1848 kuma Alfred Garrod na Ingila ya nuna yawan yurik asid a jinin masu ciwon. Daga 1966 aka sami alofurinol, wanda ke rage wannan sinadari, amma yakan buƙaci sha kullum tsawon rayuwa, kuma a watannin farko yana iya tayar da ciwon. Wanda ba a yi wa bayani ba yakan daina shansa a daidai wannan lokaci, yana zaton maganin ne ya cuce shi. Binciken da aka gudanar a Notingham, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka ilimantar aka kuma yi shawara da su sun kai ga mizanin da ake nema bayan shekara 2, alhali kashi 30 ne kawai suka kai a kulawar da aka saba.

Saboda haka izinin da fiƙihu ya sharɗanta ba ya cika da sa hannu a takarda. Yardar da ba a gina ta kan sani ba mai rauni ce a shari'a, kuma tarihin niƙrisi ya nuna ba ta ɗorewa a wajen jinya. Haƙƙin majinyaci ne a bayyana masa amfani da lahani, nauyi ne kuma a kansa ya riƙe abin da suka ƙulla da likita. Allah ne Mafi sani.