Ƙwayoyin da ke Tsare Hatsi: Daga Ina Aka Faro?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ɗambatta, wanda ke noman shinkafa a bakin madatsar ruwa ta Tomas. Ya ce ganyen shinkafarsa na bushewa tun daga baki, ya yi feshi har sau biyu a banza. Sai ya ji wai akwai ƙwayoyin bakteriya masu maganin cutar shuka, yana tambaya ko gaskiya ne, kuma yaushe aka fara. To Malam, mun gode, ga amsa.

Alamar da ka faɗa ta yi kama da cutar ƙunar ganye, wadda bakteriya ke kawowa, amma sai malamin gona ya gani da ido kafin a tabbatar. Manoman Japan ne suka fara lura da ita a 1884, aka kuma gano ta a Mali a 1979. In ita ce, galibin magungunan feshi na ƙwari da na fumfuna ba su taɓa ta. Ka ga inda kuɗinka suka tafi ke nan.

Batun bakteriya masu amfani kuwa, ai kakanninmu sun daɗe suna kiwonsu ba tare da sun san sunansu ba. A ƙasar Kano, inda mutane suka yi yawa har gona ba ta samun hutu, a da jakuna ne ke kai takin birni ƙauye, ana kuma haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin wannan tsari, aka buga a 1965. Takin nan shi ne abincin ƙwayoyin ƙasa.

A 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwar dangin wake, mai jawo sinadarin taki daga iska. A 1904 Hiltner na Jamus ya nuna cewa gefen saiwa cike yake da ƙwayoyi kamar kasuwa. Daga nan aka gane yadda masu kirki ke korar miyagu: su riga su kama wuri, su cinye abinci, su fitar da dafin da ke kashe su, ko su zaburar da shuka ta kare kanta. A farkon shekarun 1970 Allen Kerr na Ostareliya ya yi maganin wata cutar itatuwan marmari da ƙwayar K84. A Indiya kuma, ana cuɗa irin shinkafa da ƙwayar Pseudomonas kafin shuka.

A nan gida, cibiyar IITA, mai gonar gwaji a Minjibir, ta fitar da Nodumax don waken suya, sai Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a 2014. Amma a lura: Nodumax ƙarin ƙarfi ne, ba maganin cuta ba. Aflasafe kuwa fumfuna ne mai amfani, ana shafa shi jikin ƙwayar dawa, a watsa a gonar masara ko gyaɗa don rage dafin aflatokzin.

Saboda haka Malam, maganar gaskiya ce, sai dai waɗannan ƙwayoyi rigakafi ne, ba su tayar da ganyen da ya riga ya ƙone. Kuma abu ne mai rai, zafin rana na kashe shi, don haka kada ka sayi wanda ya wuni a rana a kasuwa ko wanda ba shi da lambar NAFDAC. Kafin baɗi, nemi iri mai jure cutar ta hannun malaman KNARDA, ka rage yawan takin yuriya, ka kawar da tushiyar bara, kada kuma ruwan gonar da ta kamu ya gangara cikin ta maƙwabci.

Allah Ya ba da damina mai albarka. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu.