Lalle, Ƙunshi da Jan Farce: Sunayen da Ke Hannun Matan Zamfara

Da zarar goman ƙarshe na watan azumi ta raba, gidajen Tudun Wada da Sabon Fegi da Samaru a Gusau kan koma zancen abu uku: ɗinki, kitso da ƙunshi. Ɗinki sai tela, kitso sai an nemi mai yi, amma adon yatsa da farce yawanci a tsakar gida ake gama shi, ya ta zana wa ƙanwa, kishiya ta ɗaure wa kishiya. Haka abin yake a Tsafe, kan hanyar Funtuwa, haka yake a Bungudu da Kwatarkwashi. Abin da ake shafawa ya canza ƙwarai cikin shekaru talatin da suka wuce, sunayen ma sun ƙaru. Wasu na faɗin gaskiyar abin da ke cikin kwano, akwai kuma ɗaya da ke ɓoye ta, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shi kansa wurin da ake yi wa adon suna uku gare shi. Hausar littafi da ta rediyo ta tsaya kan farce. Ƙumba ma sananniya ce, ita ce ke cikin kiran mai yankan ƙumba da ke yawo da almakashi da ɗan soso a tasha. A bakin tsofaffin Zamfara da Sakkwato kuwa akaifa ake ji, kuma da irin lafazin yamma, akaihwa. Kaka a Bungudu kan kama hannun jikarta ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi kika sa ma akaihunki haka?" Yarinyar ta amsa, "Jan farce ne, Kaka." Ba a jin mai cewa jan akaifa. Kayan ya shigo ta kantunan birni, ya taho da Hausar birni, kuma wannan kaɗai ya nuna cewa baƙo ne a ƙasar.

Lalle shi ne ɗan gida. Sunan itacen ne, sunan ganyen ne, sunan garin ne bayan an shanya an daka an tankaɗe. Larabawa hinna suke ce masa, amma namu sunan bai yi kama da nasu ba. Ya fi kusa da anella na Buzaye da nalle na Barebari, Yarabawa kuma laali suke cewa. Sunan da masana tsirrai suka ba shi, Lawsonia inermis, Linnaeus ne ya raɗa a 1753 don girmama wani likita ɗan Sikotilan, Isaac Lawson, daga nan kuma aka samo sunan sinadarin rinin da ke cikin ganyen, lawsone.

Ƙunshi kuwa sunan aiki ne, daga ƙunsa. Kwaɓaɓɓen lalle ba ya kamawa sai ya daɗe da danshi da ɗumi a jikin fata, don haka ake naɗe hannu da ƙafa, da ganye da tsumma a da, da leda a yau, a kwana da shi ko a wuni. Iyayenmu na da zunguru, dogon duma da ake zura hannu ciki har kusa da gwiwa don kada lallen ya goge. Leda ta kori zunguru, kalmar ma yara da yawa ba su taɓa jin ta ba. Sai aka sami ƙunshin salatif, inda ake yanka zanen da reza a jikin salatif, a manna, a lafta lalle a kai, idan an ɓare wurin da aka rufe ya fito fari tas. Salatif ɗin ma sunan kamfani ne, Sellotape, da aka fara yi a Ingila a 1937. Yau har zanen fulawa da ake matsowa daga ɗan ƙoƙon leda, wanda ba a ƙunshe komai, ƙunshi ake ce masa, mai yin sa kuma mai ƙunshi. Wannan faɗaɗar ba ta cutar da kowa. Haka idan aka ce an sa amarya a lalle, kowa ya san biki ake nufi, ko da garin lallen bai wuce cikin cokali ba.

A kan farce lalle ke nuna ainihin halinsa. Rinin yana shiga ya haɗe da abin da aka gina fata da gashi da farce da shi. Fata na saɓa, shi ya sa ƙunshin tafin hannu ke dusashewa cikin mako biyu ko uku. Farce ba ya saɓa, sai dai ya tsiro a yanke. Farcen hannu na ƙara kamar milimita 3 a wata, tsakanin ƙaramar salla da babba kuwa kwana 70 ne ko kusa da haka. Matar da ta yi ƙunshi a jajibirin ƙaramar salla za ta isa ranar layya da rabin farcenta ja, gindin kuma fari. Tsofaffi kan dubi wannan farin su ƙiyasta yaushe aka yi biki a gida, kuma ba safai suke kuskure ba.

Jan farce ba ya shiga ko'ina, a sama yake zama. Fenti ne, dangin wanda aka fara fesa wa motoci a shekarun 1920. Kamfanin Cutex na Northam Warren a Amurka ya fito da na ruwa a 1917, Revlon ya biyo baya a 1932 da launuka masu kauri. Sunan Cutex ne ya zama kotes a bakin 'yan Nijeriya, kuma shi za ka fi ji a shagunan gyaran gashi na Sabon Garin Gusau, unguwar da ta cika da 'yan kudu tun bayan da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920. Can, lokacin cinikin Disamba ne, ana neman ja da kore da mai ƙyalƙyali don Kirsimeti, ana manna farcen roba da gam. Bahaushe kuwa ya bi tsarin jan baki ya ce jan farce, kuma sunan ya tsaya ko da abin cikin kwalbar shuɗi ne ko ruwan hoda. Ana iya cewa baƙin jan farce ba wanda zai ɗaga kai. Ina ganin hikima a nan. Da an ce masa lallen kanti ko lallen Bature, da an rikita hukuncin da kowace yarinyar Islamiyya ta sani: lalle launi ne, ba ya hana ruwan alwala isa ga farce, jan farce kuwa jiki gare shi, shamaki ne, sai an goge shi alwala da wanka su inganta. Shi ya sa mata da yawa ke ajiye kwalbar sai kwanakin da suke fashin salla, ko su shafa wa ƙananan yara ranar idi. Suna biyu daban sun tsare hukunci biyu daban.

An yi ƙoƙarin cike wannan rata da suna. Kamfanin Inglot na ƙasar Folan ya fito da wani jan farce a 2009 da ya ce iska da tururin ruwa na ratsa shi, daga baya 'yan kasuwa suka riƙa tallata irinsa da sunan halal. Malamai ba su haɗu a kai ba, domin ratsawar tururi daban, wanke gaɓa da ruwa daban. Kalmar da ke jikin kwalba ba fatawa ba ce.

Sai baƙin lalle. Babu lalle baƙi. Ganyen lalle, duk yadda aka kwaɓa shi, da lemun tsami ko da sikari, launinsa daga ruwan goro yake farawa ya tsaya a ja mai duhu bayan kwana biyu. Kakanninmu sun san baƙin ado, suna samun sa daga katambiri da gauɗe, kuma ba su taɓa kiran ko ɗaya lalle ba, kowanne da sunansa. Abin da ke baƙanta hannu cikin rabin sa'a a yau rinin gashi ne, mai ɗauke da sinadarin da ake kira PPD. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 2 cikin 100 ko a rinin gashi, bayan an haɗa. A tsakar gida kuwa da ido ake aunawa, a zana shi kai tsaye a bayan hannu, har na yara 'yan shekara huɗu.

Ba kowa yake ci ba, kuma wannan ne ke ba shi kariya. Wadda jikinta ya ƙi shi ba lallai ta gani nan take ba. Ƙaiƙayi da kumburi da bororo kan fito bayan kwana huɗu har zuwa mako biyu, salla ta wuce, an manta da zancen ƙunshi, sai a ɗora laifin kan sabulu ko zafi ko sammu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ƙurajen kan bi sawun zanen fulawar ganye bayan ganye. Wasu tabon kan zauna musu watanni. Mafi muni, jikin da ya taɓa ƙin PPD yakan riƙe wannan ƙiyayya har ƙarshen rayuwa, ranar da matar ta rina gashinta bayan shekaru fuska da fatar kai su kumbura.

Masu ƙunshi suna da wani suna ga baƙin lallen, dayis, aro daga kalmar Turanci ta rini. Ba ta da daɗin ji kamar lalle, amma ita ce ke faɗin gaskiya. Uwar da aka ce mata, "Yaya, a yi wa Ummi baƙin lalle?" za ta ji sunan ganyen da aka sa mata ranar aurenta, wanda malamai ke yabo, ta ce a yi. Da an ce mata dayis, ko rinin gashi, da ta tsaya ta yi tunani. Lalle ya tara amana ta ɗaruruwan shekaru, dayis kuma ya ari rigarsa yana shiga gidaje da ita. Ba na kiran a hana kowa adon da take so, mata da yawa a Gusau da Tsafe da wannan sana'a suke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta, kuma zanen nasu abin alfahari ne. Abin da nake nema a wurinsu shi ne su kira kowane kwaɓi da sunansa kafin su ɗora a hannun mutum, kada kuma su sa dayis a jikin ƙananan yara. Jarirai kuwa ko jan lallen gara a ɗaga musu, domin akwai masu wani raunin jini na gado, G6PD, wanda lalle kan farfasa wa ƙwayoyin jini, kuma wannan rauni ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman a 'ya'ya maza. Wadda ta taɓa yin ƙaiƙayi ko bororo bayan dayis ta gaya wa mai ƙunshi, ta gaya wa mai gyaran gashi, ta kuma faɗa wa likita da sunan PPD idan ta je asibiti.