Daga Bokitin Ruwa zuwa Duniyar Mars: Tarihin Gilashin Idon-Kifi

A shekarar 1906, Robert Wood, masanin kimiyyar haske a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya ɗauki bokiti, ya shimfiɗa farantin ɗaukar hoto a gindinsa, ya kafa ɗan gilashi mai ƙaramin huji a samansa, sannan ya cika bokitin da ruwa. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: yaya kifi yake ganin duniyar da ke bisa ruwa?

Amsar tana cikin wata ƙa'ida da aka sani tun ƙarni na 17, mai ɗauke da sunan Willebrord Snell na ƙasar Holan. Haske yakan karya hanya idan ya bar iska ya shiga ruwa, shi ya sa sandar da aka tsoma rabinta a rafi take zama kamar ta karye. Saboda haka, sararin sama kaf, daga wannan gefe zuwa wancan, wato digiri 180, yana matsewa ya isa idon kifi cikin da'ira mai faɗin digiri 97 ko kusa da haka. Hotunan Wood ma haka suka fito: zagayayyu, tsakiyarsu daidai, gefensu a cunkushe. A maƙalar da ya buga a mujallar Philosophical Magazine ya raɗa wa irin wannan gani suna idon-kifi, sunan kuma ya bi shi har yau.

Me ya hana gilashin kyamara na yau da kullum yin wannan aiki? Sharaɗin da aka gina shi a kai ne ya ɗaure shi, wato miƙaƙƙen layi ya fito a miƙe. Kafin ya cika wannan sharaɗi, dole ya ja gefen hoto ya miƙar da shi. Idan abin da ke digiri 45 daga tsakiya ya sauka a taku ɗaya a kan fim, wanda ke digiri 80 zai sauka a kusan taku shida, na digiri 89 kuwa sai a taku 57. Na digiri 90 ba shi da masauki ko kaɗan, ko da fim ɗin ya kai faɗin fili. Masu zana taswira sun daɗe da sanin wannan matsala. Taswirar Mercator tana nuna tsibirin Girinlan kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14, kuma ba ta iya nuna ƙuryar arewa ko ta kudu ta duniya. Gilashin idon-kifi ya haƙura da miƙewar layi don ya sami sararin duka.

Bokitin ruwa ba kayan yawo ba ne, a 1924 kuwa aka sami wani gilashi da za a iya aiki da shi. Wanda ya ƙirƙiro shi, Robin Hill na Kambirij, an fi saninsa da binciken yadda ganye ke sarrafa hasken rana, amma gajimare ne ya kai shi ga wannan. Masu nazarin yanayi suna bukatar sararin sama gaba ɗaya a hoto guda. Hill ya sa wani babban gilashi mai siffar ƙoƙo a gaba, wanda ke tattaro haske daga ko'ina ya matse shi, sannan ƙananan gilasai na baya su sauke shi a kan faranti. Kamfanin Beck na Landan ne ya ƙera shi.

A nan ne darajar lanƙwasar take bayyana. A irin wannan gilashi ana iya tsara shi ta yadda nisan abu daga tsakiyar hoto zai yi daidai da kusurwarsa a sama: kowane digiri goma yana cin wuri iri ɗaya. Hoton ya zama ma'auni ke nan, mutum na iya ɗora rula a kansa ya faɗi tsayin gajimare daga gefen sama. A 1959, Evans da Coombe, masana tsirrai a Kambirij, suka aza kyamarar Hill a ƙasan daji tana kallon sama, suka zana hanyar rana a kan hoton, suka ƙiyasta hasken da ke ratsa ganyaye ya isa ƙasa. Masana gandun daji suna amfani da wannan dabara har yanzu.

Jama'a ba su san shi sosai ba sai da kamfanin Nikon na Japan ya fitar da mai milimita 8 a 1962, wanda ake ɗaura wa kyamarar hannu. Cikin shekaru kaɗan ya koma kayan ado. Bangon faifan Are You Experienced na Jimi Hendrix da aka fitar a Amurka a 1967 da shi aka ɗauka, kuma jan idon kwamfutar HAL a fim ɗin Stanley Kubrick na 1968 gilashin Nikon ne. Daga nan ne aka fara yi masa kallon abin wasa mai kumbura hanci, kallon da bai yi masa adalci ba. A 1970 Nikon ya nuna wani mai milimita 6 da ke ganin digiri 220, wato har da ɗan abin da ke bayansa, nauyinsa ya haura kilo biyar.

Wanda zai auna ingancinsa da miƙewar bango ya ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Layin da ya ratsa tsakiyar hoto a miƙe yake fitowa, sauran ne ke lanƙwasa. Gefensa ba ya duhu kamar na sauran gilasai masu faɗin gani, kuma kusan komai, daga na kusa har na nesa, yana fitowa tangaran. Rauninsa na gaskiya wani ne daban: launuka sukan rabu a bakin da'ira, rana kan faɗo cikin hoton ta wanke shi, gilashin gaba da ya turo waje ba ya karɓar murfin kariya na yau da kullum, mai ɗaukar hoto kuma sau da yawa yakan tarar da ƙafafunsa a ciki.

Yanzu yana nan a wuraren da ba a lura da shi: ɗan hujin leƙe na ƙofar ɗakin otal, kyamarar tsaro da ke manne da rufin banki, kyamarar da ke nuna wa direba bayan mota. Kyamarorin da ke ɗaukar kowace fuska a lokaci guda galibi idon-kifi biyu ne da suka juya wa juna baya. Motocin binciken Spirit da Opportunity da suka sauka a duniyar Mars a 2004 suna da irinsa gaba da baya, masu ganin wajen digiri 120, don hango duwatsun da ke gaban tayoyinsu. A yawancin waɗannan na'urori kwamfuta ce ke miƙe hoton kafin ya isa idon mutum, amma ba ta iya maido da abin da aka matse, shi ya sa fuskar da ta tsaya a gefen hoton kyamarar tsaro takan fito dishi-dishi.