Hunturu da Fataken Zangon Wagadugu

Tarihin sanyi a ƙasashen Sudan ta Yamma tarihin hunturu ne, wato busasshiyar iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da yake iskar ba ta da laima, zafin da ƙasa ta sha da rana kan tsere da dare, har asuba ta zo da jaura, wato sanyi mai ratsa ƙashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun rubuce kan tsananinsa ya fito ne daga Hugh Clapperton, wanda ya ga ruwa ya yi ƙanƙara a cikin mazubai a watan Disamba na 1823 a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano, kuma abokin tafiyarsa Walter Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824.

A da, a wannan lokacin ne na shekara fatake kan kama hanya, domin sai damina ta ɗauke, koguna sun janye, sannan jakuna ke iya tafiya. Ayarin da madugu ke jagoranta kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi, wasu su ratsa ƙasar Mosi zuwa Salaga ta Gwanja don sayen goro, kuma masaukinsu a Wagadugu shi ne ya zama unguwar Zangouettin, wadda sunanta ya samo asali daga zango. Hunturu ya gwada haƙurin mutum da na kaya: ƙafafu kan yi faso sai an shafa man kaɗe, ana kwana gefen wuta cikin bargo, goro kuwa sai an naɗe shi cikin ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe a yi asara.

Yaƙin Salaga na 1892 da shigar Faransawa Wagadugu a 1896 sun karya wannan fatauci, amma unguwar ta ci gaba da zama cibiyar Hausawa har zuwa 2003, lokacin da shirin ZACA na sake fasalin tsakiyar birni ya rushe ta. Saboda haka wajibi ne a tattara abin da dattawanta suka riƙe game da shekarun sanyi, domin tarihin yanayin wannan yanki yana bakinsu tun kafin a kafa ma'aunin zafi.