Daga Kuri Zuwa Bekarel: Tarihin Ma'auni Biyu

A shekarar 1910 masana kimiyya suka hallara a Brussels, babban birnin Beljiyam, da matsala guda a gabansu. Shekara 14 ke nan da Henri Becquerel ya gano cewa yuraniyam na fitar da wani tururi da ido ba ya gani, shekara 12 kuma da Marie da Pierre Curie suka gano radiyam. Likitoci sun fara ƙona ciwon daji da shi, ana sayar da shi da ɗan karen tsada, amma babu mudu ɗaya da kowa ya yarda a auna ƙarfinsa da shi.

Taron ya raɗa wa sabon ma'aunin suna kuri, don girmama gidan Curie. A lokacin Pierre ya shekara huɗu da rasuwa, bayan keken doki ya take shi a wani titin Paris. Da farko an so a ɗora sunan a kan ɗan adadi kaɗan, daidai abin da ake aiki da shi a ɗakin gwaji. Marie ta ƙi. A ganinta bai dace a liƙa wannan suna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka bi ra'ayinta, aka ɗaure kuri da giram ɗaya cur na radiyam. A 1911 ta haɗa abin kwatance da hannunta: miligiram 21.99 na gishirin radiyam, cikin siririn bututun gilashi da aka toshe bakinsa, wanda daga baya aka adana a ofishin ma'aunai na duniya da ke Sèvres. Ko wannan bututu bai kai kusa da kuri guda ba.

Nan ne asalin wahalar. A cikin giram ɗaya na radiyam, ƙwayoyin zarra kusan biliyan 37 ne ke rushewa kowace daƙiƙa, kuma a 1953 aka tsayar da wannan adadi a matsayin ma'anar kuri. Ma'auni ne mai girman gaske, don haka likita sai ya rarraba shi zuwa milikuri, kashi ɗaya cikin dubu, mai gwajin ruwa da iska kuma ya gangara har pikokuri, kashi ɗaya cikin tiriliyan.

A 1975 babban taron ma'aunai na duniya ya kawo bekarel: rushewar ƙwayar zarra ɗaya tak a daƙiƙa. Tsarin ya fi tsabta, wannan babu shakka, amma ya faɗa ɗaya gefen, ya yi ƙanƙanta ainun. Jikin mutum mai kilo 70 yana ɗauke da bekarel kusan 4,000 na fotasiyam da yake samu a abinci, lafiyarsa kuma ƙalau. Taron nan dai shi ne ya amince da kalmomin peta da eksa don manyan lambobi, kuma ba a jima ba aka buƙace su.

Ranar 26 ga Afrilu, 1986, tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Yukiren. An ƙiyasta siziyam-137 da ya fita da petabekarel 85, wato biliyan 85 sau miliyan. A tsohon ma'auni kuri miliyan 2.3 ne. Abu ɗaya, lambobi biyu da ba su yi kama da juna ba, kuma mai karanta jarida bai da yadda zai gane haka sai an faɗa masa. Hukumomin Tarayyar Sobiyet sun zana taswirar gurɓacewar ƙasa da kuri a kowane murabba'in kilomita: 1, 5, 15 da 40, kuma bisa waɗannan iyakoki ake yanke hukuncin garin da za a kwashe mutanensa. Da aka mayar da su bekarel sai suka zama dubu 37, dubu 185, dubu 555 da dubu 1,480 a murabba'in mita. Duk wanda ya ci karo da irin waɗannan lambobi marasa kan gado a rahoto, giram ɗin Marie yake gani, an ninka shi.

Har yau ba a rabu ba. Amurka na nan riƙe da kuri: hukumar kare muhallinta ta ce a ɗauki mataki idan iskar radon a cikin gida ta kai pikokuri 4 a lita, wanda ya yi daidai da bekarel 148 a kubik mita. Allurar gwaji da wani asibiti zai rubuta milikuri 10, wani zai rubuta ta megabekarel 370. Ma'aikacin da ya ɗauki milikuri a matsayin megabekarel ya yi kuskuren ninki 37, kuma jikin majiyyaci ne zai ɗauka.

Saboda haka, mai karatu, idan labarin nukiliya ya zo maka da lamba, kada ka tsorata da girmanta, kada kuma ka raina ƙanƙantarta, sai ka ga ma'aunin da ke biye da ita da kalmar da aka liƙa masa a gaba. Bekarel ɗaya pikokuri 27 ne, kuri ɗaya kuwa bekarel biliyan 37.