Daga Fatoma zuwa Waya a Kasuwar Arzeke

Samarin da ke zagaya kasuwar Arzeke ta Faraku da kwamfuta a jaka, suna koya wa 'yan kasuwa mayar da littafin bashi cikin waya, gani suke sun zo da sabuwar sana'a. Ni dai a wurina gadon fatoma suka ci.

A ƙarni na 19 ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da baƙin turkuɗi da jar fata, ya haye Kwara, ya keta ƙasar Borgu, ya yada zango a Jugu, sannan ya miƙe Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. Madugu ya san hanya, amma gari da masu shi. A unguwar Wangara ta Jugu fatoma ke sauke baƙo. Ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta da Dendanci, ya gaya masa gaisuwar da za a kai fada da dajin da mahayan Wasangari suka tare kwanan nan. Idan ciniki ya faɗa a kan bashi, shi ne mai lamuni. Mai saye ya sulale, wuyan fatoma za a kama. La'adar da yake karɓa ta wannan kasadar ce, ba ta tabarma da tuwo ba.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar goron. A shekarun 1930 jirgin ƙasa ya iso Faraku daga Kwatano, kilomita 438, hanya ta juya kudu da arewa: a sauke kaya daga tarago, a loda wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da Maraɗi. Jikokin fatoma suka zama 'yan kamasho a tasha.

Waya ta ƙwace musu rabin abinci, wannan ba musu. Farashin buhun masara a Malanbil yanzu kira ɗaya ne. Kuɗin da a da ake ɗaurawa a ƙugu, yarinya ce a ƙarƙashin laimar MoMo ke turawa ta waya, tana rubuta lamba a wani littafi da gefensa ya yi baƙi don shafa.

Amma da Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma lokacin da aka datse gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya suka koma kwalekwale da hanyoyin daji. Wace manhaja ce ta san direban da ba ya cin amana, ko mai fiton da ba ya cika jirgi fiye da kima? Alhazan Arzeke suka ɗauko wayoyin nan da aka koya musu, suka shiga laluben lambobin tsofaffin 'yan kamasho, ana ta "Baba, wa za ka tsaya mini a bakin ruwa?"