Kirci: Tushensa a Cikin Fata, Binciken da Ake Yi da Masu Ɗaukar Nauyinsa

Kirci, wanda likitoci ke kira ekzima, ciwon fata ne mai ƙaiƙayi da bushewa, yana lafawa yana dawowa. Ya fi kama yara, kuma sau da yawa yana farawa kafin yaro ya cika shekara ɗaya. A wasu ƙasashe yakan kama yaro 1 cikin 5. Yara da yawa sukan rabu da shi idan sun tasa, wasu kuma yana bin su har girma. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba.

Idan ku ko yaronku kuna fama da shi a Yelwa, Ngaski, Shanga ko ƙauyukan bakin tafkin Kainji, wataƙila kun sha tambayar likita: me ya kawo shi, kuma me ya sa ba ya warkewa gaba ɗaya? An samu wani ɓangare na amsar a ɗakunan bincike. Sai dai mafi yawan binciken an yi shi ne a kan fatar Turawa, kuma wani muhimmin abu da aka gano a can bai yi daidai da abin da ake gani a Afirka ba.

Ku fara tabbatarwa kirci ne

A kemis da kasuwa, mutane da yawa suna cewa ekzima alhali kyasbi suke nufi. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Ga waɗanda aka fi rikitawa da kirci:

- Kyasbi: tabo mai haske ko duhu a ƙirji, baya da wuya, ƙaiƙayinsa kaɗan ne. Wani nau'in naman gwari ne da ke zaune a fata yake kawo shi.
- Makero: tabo mai zagaye, yakan cinye gashin kan yara, kuma ana ɗauka.
- Ƙazuwa: ƙaiƙayi mai tsanani da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Yawanci za ku ga mutum fiye da ɗaya a gida yana susa.
- Ƙaiƙayin ruwa: ƙananan ƙuraje bayan shiga tafki ko fadama. Tsutsar da ke kawo tsargiya tana iya haddasa shi lokacin da take ratsa fata.
- Cutar makanta ta bakin kogi, wadda ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa: tana sa ƙaiƙayi mai tsanani da kaurin fata tun kafin ta taɓa ido.

Masunta da manoman fadama su gaya wa likita sana'arsu, domin hakan yana taimaka masa ya bambance.

Yadda yake bayyana a baƙar fata

Littattafan likitanci da yawa suna cewa kirci ja ne. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ku gani shi ne wuri ya yi duhu ko toka-toka, ya bushe, ya yi kaushi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje a gindin gashi. A jarirai ya fi fitowa a kumatu da goshi. A yara masu wayo yana zama a lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa da wuya, kuma a baƙar fata yakan fito har a gaban ƙafa da bayan hannu. Yawan susa yana sa fatar ta yi kauri. Bayan ya lafa yakan bar tabo mai haske ko duhu na tsawon watanni. Sau da yawa za ku tarar akwai mai asma ko mai yawan atishawa da yoyon hanci a dangi.

Me ke faruwa a cikin fata?

Ku ɗauki saman fata kamar katangar tubali. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani kitse da ke tsakaninsu, wanda ake kira seramid, shi ne lakar da ta riƙe su. Aikin katangar biyu ne: ta hana ruwan jiki fita, ta hana ƙura, sabulu da ƙwayoyin cuta shiga. A fatar mai kirci abubuwa uku ne suke haɗuwa.

Na farko, raunin katangar. Akwai wani furotin mai suna filagirin da ke daidaita tubalan. Idan ya gama wannan aiki sai ya narke ya zama sinadaran da ke riƙe danshi a fata. Umarnin ƙera shi yana cikin wata ƙwayar gado da ake kira FLG, a kan kiromosom na 1. A shekarar 2006, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Irwin McLean a Jami'ar Dundee da ke Sikotilan suka nuna cewa wanda ya gaji FLG mai naƙasa ya fi saurin kamuwa da kirci. Kusan mutum 1 cikin 10 na Turawa yana ɗauke da wannan naƙasa, kuma tana ninka haɗarin kamuwa kusan sau uku. Duk da haka, da yawa daga masu ɗauke da ita ba sa yin kirci ko kaɗan.

Na biyu, zafin garkuwar jiki. Idan abu ya ratsa katangar, garkuwar jiki tana sakin wasu sinadaran aike. Biyu daga ciki, IL-4 da IL-13, suna kawo kumburi, kuma suna rage yawan filagirin da fata ke ƙerawa ko da mutum bai gaji wata naƙasa ba. Wani kuma, IL-31, yana tsokanar jijiyoyin ƙaiƙayi kai tsaye. Ƙaiƙayi ya kawo susa, susa ta ƙara fasa katangar, sai abin ya riƙa zagayawa.

Na uku, ƙwayoyin cuta. Wata bakteriya mai suna Staphylococcus aureus tana yawaita a fatar masu kirci, tana ƙara kumburi, kuma ita ce ta fi kawo ruwa da mugunya.

Wannan ilimi ya riga ya haifar da magani. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar dupilumab, wadda ke toshe hanyar IL-4 da IL-13, ga masu kirci mai tsanani. Tana da tsada ƙwarai, ta fi ƙarfin yawancin iyalai a nan. Amma ta nuna cewa idan aka gano tushen ciwo ana iya yi masa maganin da ya dace da shi.

Inda binciken Turai ya gaza a kanmu

Da aka nemi naƙasar FLG a jikin 'yan Afirka, sai aka ga wani abu daban. Binciken da aka buga a 2011 kan masu kirci a Habasha ya nuna da wuya a same ta. Wani da aka buga a 2014 kan 'yan ƙabilar Khosa a Afirka ta Kudu bai same ta ba, duk da cewa fatarsu ta nuna ƙarancin sinadaran da filagirin ke bari. A Amurka kuma an alaƙanta wata ƙwayar gado ta daban, FLG2, da daɗewar kirci a jikin yara baƙar fata.

Ma'ana, katangar tana da rauni a wurinmu ma, amma abin da ke raunana ta yana iya zama daban. 'Yan Afirka sun fi kowace al'umma bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninsu, don haka sakamakon Habasha ko na Afirka ta Kudu ba zai tsaya a madadin na Hausawa, Gungawa, Kambari ko Fulanin ƙasar Yauri ba. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya kuwa, wani ƙiyasi na 2019 ya nuna masu asalin Afirka ba su wuce kusan kashi 2 cikin 100 na waɗanda aka duba ba.

Muhallinmu ma nasa ne. Bushewar iska da ƙurar hunturu, zufar bazara, tsayawa cikin ruwa sa'o'i wajen su ko noman shinkafa da albasa, fetur da baƙin man injin kwalekwale, taki da maganin feshi: duk suna taɓa fata. Yadda suke haɗuwa da gadon mutum tambaya ce da sai an yi binciken a nan za a amsa ta.

Kuɗin digiri na uku: ina yake tafiya?

Irin wannan aiki yawanci ɗaliban digiri na uku ne ke yin sa, cikin shekara uku zuwa huɗu, ƙarƙashin wani farfesa. Ɗalibin yana tattara masu ciwon da waɗanda ba su da shi domin kwatantawa. Yana ɗaukar yawu ko ɗan jini don karanta DNA, yana manna wani salatif na musamman a fata ya ɗago saman matattun ƙwayoyinta, yana kuma shafo fata da auduga don duba bakteriya.

Kuɗin yana tafiya ne wajen sayen sinadaran gwaji, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su da dala. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba za ta yanke ba. Kuɗin na'urar karanta DNA. Zirga-zirga zuwa ƙauyuka. Da alawus ɗin ɗalibin don ya tsaya kan aikin. Idan firiza ta tsaya na 'yan kwanaki, samfurin da aka yi shekara ana tarawa yana iya lalacewa.

Su wa ke ba da kuɗin?

- TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da aka kafa da dokar 2011, yana samun kuɗinsa daga harajin da kamfanoni ke biya. Yana ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku na malaman manyan makarantun gwamnati, kuma yana da asusun bincike na ƙasa da ake shiga gasa a samu.
- Shirin H3Africa, wanda Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ƙaddamar a 2010, ya horar da masana ƙwayoyin gado a Afirka, ya kuma kafa ma'ajiyar samfura a Abuja. Binciken shanyewar ɓarin jiki na SIREN da aka yi ƙarƙashinsa ya haɗa da asibitocin Kano da Zariya. Wannan shaida ce cewa ana iya yin irin aikin a Arewa.
- Ƙungiyoyin agaji na cututtukan fata, kamar British Skin Foundation a Birtaniya, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na uku a jami'o'in can, da National Eczema Association a Amurka.
- Tallafin karatu na ƙasashen Kwamanwel da na hukumar DAAD ta Jamus, waɗanda 'yan Najeriya ke iya nema.

Matsalar ita ce kirci ba ya kisa kamar maleriya ko tarin fuka, saboda haka yana baya a layin masu neman tallafi, duk da yadda yake hana yaro barci da karatu, yake cinye kuɗin iyaye a kemis. An ɗan samu ci gaba a watan Mayun 2025, lokacin da Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin da ya sanya cututtukan fata cikin abubuwan da ya kamata ƙasashe su ba muhimmanci.

Idan an nemi ku shiga bincike

Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, don haka tambaya haƙƙinku ce. Kafin ku yarda:

- A yi muku bayani da harshen da kuke ji: me za a ɗauka, ina za a ajiye shi, wa zai gani, kuma ko za a fitar da shi ƙasar waje.
- Ku nemi ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, jami'a ko ma'aikatar lafiya.
- Yaro sai da izinin iyayensa, kuma idan yana da wayo a ji ta bakinsa.
- Kuna iya ƙi, kuna iya janyewa a kowane lokaci, kuma hakan ba zai hana a duba ku a asibiti ba.
- Ba a biyan kuɗi don shiga bincike. Wanda ya ce ku biya, ko ya yi muku alkawarin warkewa, ku guje shi.

Abin da za ku yi tun yau

Duk da sauran tambayoyi, abin da aka sani ya isa a sarrafa kirci a jikin yawancin masu shi. Manufar ita ce a gyara katangar, a kwantar da kumburi.

- Ku shafa mai aƙalla sau biyu a rana, musamman da zarar an fito wanka jiki na da danshi. Basilin marar turare ko man kaɗanya tsantsa sun wadatar. A ƙara yawan shafawa da hunturu.
- Wanka ya zama gajere, da ruwa mai ɗumi kaɗan. A bar dirza da soso, sabulu mai ƙarfi, da ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka.
- A sa tufafin auduga, a ɗauraye omo sosai daga kaya, a yanke farcen yaro.
- Bayan aikin ruwa ko gona, a ɗauraye jiki da ruwa mai tsafta, a tsane, a shafa mai. Baƙin lalle na kanti yana tayar wa wasu da ciwon.
- Idan ya tashi, likita zai ba da man sitiroyid gwargwadon wuri da shekaru, kamar haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 don fuska da jikin yara. Abin da ya cika gaɓar farko ta ɗan yatsan babba ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A yi amfani da shi na kwanakin da aka ƙayyade.
- Ku guji man kemis mai haɗi uku da man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke sirantar da fata, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi idan an daina.
- Kada a hana yaro kifi, ƙwai, madara ko gyaɗa bisa zato. A fara tuntuɓar likita, domin hanawar tana iya jawo tamowa.

Yaushe za ku garzaya asibiti?

Ku je a ranar idan wurin ya fara ruwa, mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma; idan akwai zazzaɓi; idan ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka fito da yawa lokaci ɗaya, musamman kusa da ido; ko idan ciwon ya mamaye kusan dukan jiki. Haka nan idan an yi mako biyu ana magani babu sauƙi, ko yaro ba ya barci ko ba ya ƙara nauyi. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku ko Babban Asibitin Yauri. Idan akwai buƙata za a tura ku Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ku tafi da duk mayukan da kuka riga kuka shafa, har da kwalayensu, domin likita ya gani.